Man Riɗi a Birkin Gaba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Gadarif, zuwa ga ɗana Tijjani, a Fau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da innarka da ƙannenka, da mutanen gidan kawunka Sale da suka ba ku masauki. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe. Na fara da addu'a ne tun bakina bai ɓaci ba, don abin da ke biye ba mai daɗin ji ba ne.

Labarina ba sai na ba ka ba. Ina nan kasuwar hatsi ina ɗinke bakin buhunan mutane, ina kwana a rumfar da ba tawa ba, a garin da ba a haife ni ba. Halas, shi ke nan. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Musa direba ya sauke kaya jiya, ya zauna muka sha shayi, ya ce mini ka sami aiki wurin wani ɗan kasuwa a Gallabat, za ka riƙa kai masa kaya da mutane tsakanin bakin iyaka da ƙauyuka, a kan baburin nan nawa da na bar maka. Na ce alhamdu lillahi, yaro ya zama mutum. Sai ya ce ka sa wa baburin sabon ƙaho mai kuka uku, da fitilu ja da kore, da rigar sirdi mai geza. Na ce to birkin gaba fa? Musa ya duƙar da kai yana juya cokali a kofin da babu komai. Da na matsa masa ya ce robar nan da na naɗe tiyon birki da ita tana nan yadda take, sai dai ka ƙara mata wani naɗin. Ya kuma ce ka rantse za ka ratsa Gadarif ba za ka tsaya wurina ba, wai kada ka zo tsoho ya sake tsinka ka a gaban mutane.

Kai Tijjani! Ƙaho? Ka sami abin sayen ƙaho, ba ka sami abin sayen abin da zai tsai da kai ba? Raƙumin da ya gitta maka a hanyar Doka, ƙahon ne zai ɗauke shi? Ko fitila kore ce za ta riƙe taya? Wallahi da a gabana kake da na faɗi abin da zan yi nadama, shi ya sa na gode wa Allah da ya sa takarda a tsakaninmu.

Maganar tsinka ka a gaban mutane, ka yi gaskiya, na yi. Ranar Sallah da na zo Fau na tarar da kai a ƙofar gida da abokanka, kuna zagaye da babur kamar an kawo amarya. Na kama hannun birki na matsa, ya tafi lagwaf har ya taɓa kan babur. Na zare makulli na ce, "Wannan ba babur ba ne, makara ce mai taya biyu, kuma wawa ne kaɗai zai hau ta." Abokanka suka yi dariya. Kai kuma ka dube ni ka ce, "To Baba, ai yadda ka bar shi ne. Wa ya naɗa robar?" Na ɗaga hannu, kawunka ya riƙe ni. Ba a ce wa uba haka, kuma har yau ban yafe yadda ka faɗe ta ba. Amma abin da ka faɗa ɗin ba ƙarya ba ne. Ni na naɗa ta. Kuma da na ja ka bayan gida mu biyu na nuna maka, da yau ba mu kai ga haka ba. Wannan nawa ne. Idan Allah ya ba ka ɗa, ka gyara shi inda ba mai ji, don yaron da aka kunyata a bainar jama'a ba ya jin gyaran, kunyar kaɗai yake ji.

Tunda ka ce yadda na bar shi ne, bari ka ji yadda na bar shi ɗin, daga tushe.

Lokacin da na sayi baburin nan kana rarrafe. Duk wanda na koyi tuƙi a wurinsa abu ɗaya yake faɗa: kada ka taɓa birkin gaba, shi ke kifar da mutum. Ƙafa kawai. Akwai masu cire hannun birkin gaba gaba ɗaya su rataya leda a wurin. Na ɗauka, na riƙe, na koya maka kai ma, Allah ya yafe mini. Ƙarya ce, Tijjani. Idan ka taka birki nauyi duka gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, ta kulle, ta ja ƙasa kamar an ja buhu. Babur da kaya da mutum a baya, gaba ne ke tsai da shi. Waɗanda birkin gaba ya kifar, damƙa suka yi masa kamar sun kama ɓarawo, ba su taɓa koyon matsa shi a hankali ba. Da yake na raina shi, ban taɓa duba shi ba. Kaca ina shafa mata mai, inji ina masa wanka, birkin gaba kuwa ko kallo.

Sai shekarar da na kama aiki a gonakin riɗi da ke kudu da nan, ina kai wa masu yanka abinci da ruwa daga kambo, inda bukkokin ma'aikata suke, zuwa bakin gona. Ran nan na lura ɗan kofin man birki da ke kan babur ya bushe ƙaf. Gari da nisa, hanya duk laka, wakilin gona yana ta ihu a kaina. A kambo kuwa ba abin da ya fi man riɗi yawa. Da shi muke miya, da shi muke shafa ƙafa in ta tsage, da shi ake shafe ƙirjin mai tari, da shi ake sassauta kusar da ta ci tsatsa. Mu dai a wurinmu ba abin da man riɗi ba ya yi. Mai dafa mana abinci, wani tsoho, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, mai ai mai ne. Zuba." Na karɓi kwalbar miya na cika kofin, na matsa, na ji ya ɗan yi tauri. Muka tafa. Har ina ba wasu labari ina taƙama, wai na gano abin da bakanikai ke ɓoye mana don su ci kuɗinmu.

Ya yi kwanaki yana aiki. Abin da ya cuce ni ke nan, da ya ƙi tun ranar, da na huta. Ashe a ciki yana nan yana daskarewa kamar ƙaro, robobin ciki suna kumbura, tiyon da dama rana ta gama gasa shi yana ruɓewa ta inda ido ba ya gani.

Ka san Adamu Dogo, mai sai da goro a bakin masallacin unguwarmu ta da, wanda kuke kwaikwayon tafiyarsa kuna yara, ina jin ku ina yi kamar ban ji ba. Ba da ɗingishi aka haife shi ba. A lokacin ba wanda ya kai shi yankan riɗi, in ya sunkuya da lauje sai ka ga gona tana ja da baya. Ranar da safe ya ce in rage masa hanya. Ya hau baya, ga jarkar ruwa biyu a gefe, ga tukunyar abinci a cinyarsa, yana ta tsokanata wai babur ɗina da jakin kakarsa ba a san wanda ya girmi wani ba. Muka zo gangaren wani kwari, an yi yayyafi, baƙar ƙasar nan ta yi santsi kamar sabulu. A ƙasa keken jaki ya maƙale da gangar ruwa, ya tare hanya. Na taka ƙafa, baya ya kulle ya fara jan gefe. Ranar ce na nemi birkin gaba da gaske, karo na farko a rayuwata. Na matsa. Hannun ya tafi har ƙarshe ba abin da ya tare shi, na ji ɗumin mai ya fantsamo mini a ƙafa. Adamu ya ce, "Idi, tsaya mana!" Na ce, "Ba ya tsayawa!" Iyakar hirarmu ke nan.

Ni na tashi da ƙujewa. Shi ƙugunsa ne ya bugi ƙarfen keken. Riɗi kuwa ka sani, in ya nuna ba ya jiran mai jinya, ko a yanke shi ko ya fashe ya zube. Aka yanke ba da shi ba, wannan shekarar da duk waɗanda suka biyo. Da na je duba shi wurin mai ɗori, kaina a ƙasa, ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Idi, ƙaddara ce." Na ce ƙaddara ce. Dukanmu mun san ƙaddarar tana warin miya. Daga baya ya mai da abin wasa, in na zo wucewa sai ya ɗaga murya, "Ga mai soya birki nan! Yau da albasa ko babu?" Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Na fi son ya zage ni.

To ka ji. Wanda zai hau bayanka a Gallabat bai duba birkinka ba, kai ya duba. Matar da za ta ba ka ɗanta da buhun gawayi ta ce kai su ƙauye, ba ta san akwai robar tiyub a naɗe a wurin ba. In kana ganin ranka naka ne, to ba naka ba ne, amma bar wannan, je ka tambayi innarka. Nasu fa? Wa ya ba ka?

Za ka ce bayan wannan na yi hankali. Ban yi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi da kaina. Na shigo gari, bakanike ya wanke miyar ya sa sababbin robobi, ya ce in sayi sabon tiyo. Na ce yana so ya yanke ni ne. Na zaga wurin masu fasa matattun babura na ciro wani, na murza shi a hannu na ga ba tsaga, na ɗaura. Ban tambayi shekarunsa ba, ban tambayi abin da ya kashe baburin da na ciro shi a jiki ba. Shi ne a jikin baburinka yau. Roba tana tsufa kamar mutum, ta ciki take farawa. Kayan mataccen babur, ka sayi madubi, ka sayi sirdi, ka sayi murfin tanki. Kada ka sayi abin da ranka ke rataye a kai.

Naɗin kuma, ranar da tashin hankali ya sa muka baro gida ne, ka tuna yadda muka fito, innarka da ƙannenka a lori, ni da kai a babur da abin da muka iya ɗauka. A hanya na ga tiyon ya fara gumi wajen wuya. Na yanki tsohon tiyub na naɗe, na ce Allah ya kai mu inda za mu in sauya. Allah ya kai mu. Ni ne ban sauya ba. Na ce sai an natsu, sai an koma gida, sai kaka. Ga mu nan, gidan ba a koma ba. Abin da ka yi don ka fita daga daji, ka warware shi ranar da ka shiga gari. Kuma ka sani robar nan ba ta riƙe komai. Ƙarfin da ke bi ta cikin tiyon in ka matsa birki, ba naɗin tiyub ke tare shi ba. Ɓoye maka ciwon kawai take yi. Kai kuma ka zo ka ƙara mata wani naɗin, ka rufe makanta da makanta, ka sa geza a sirdi!

In kana ganin tsoho ne ke surutu, tashi yanzu ka je wurin baburin. Ka kama tiyon da hannun hagu, sama da naɗin, ka matsa birki da dama. Za ka ji yana kumbura a tafinka kamar maƙogwaron kwaɗo. Ƙarfin hannunka ke nan yake tafiya a banza, maimakon ya isa faifan taya ya kama. Ran da rana ta yi zafi, kaya suka yi nauyi, gangare ya yi tsawo, ba kumbura zai yi ba, fashewa zai yi. Ba ya sallama kafin ya fashe. Ni na ji.

Yanzu ga abin da na yi. Akwai Usta Babikir, bakanike ne a layin masu babura bayan kasuwa, duk wanda ka tambaya zai nuna maka. Bakinsa ba daɗi amma hannunsa na da gaskiya. Na sa ya samo mini sabon tiyo irin mai saƙar waya a jiki, wanda ba ya kumbura, daidai tsawon na baburinka, da robobin ciki, da man birki na kwalba a rufe. Da na ce masa na ɗana ne, ya ce, "Ɗan naka ya san birki, ko irinka ne?" Na ce irina ne. Ya ce, "To Allah ya kiyaye jakunan Gallabat." Na biya komai, ba ruwanka da yadda na yi. Ban aiko maka da shi Fau ba don na san ka, za ka ɗaura da kanka a gindin bishiya abokanka na ba ka shawara.

Kada ka hau baburin zuwa nan. Ka ji ni? Kada ka hau. Musa zai juyo da lori bayan ya sauke kaya a Fau, na yi magana da shi, zai ɗora shi a kan kaya kai kuma ka zauna gaba. In abokanka sun yi dariya wai an ɗauko babur kamar mara lafiya, to mara lafiyar ne.

In Usta yana aiki, ba shayi za ka tafi sha ba. Ka tsuguna kusa da shi ka zuba ido, don a can ba ka da usta, ba ka da bakanike sai kanka. Ka ga yadda yake sa sababbin zobban jan ƙarfe a kowane bakin tiyo, ba ya mai da tsofaffin, don in an taɓa matse su sun gama aiki. Ka ga yadda yake juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ya ɗaga gaba ya saki, don ya tabbata tiyon bai ɗame ba, bai lanƙwashe ba, bai goga taya ba. Mai saƙar waya in yana gogar abu, cin sa yake kamar zarto, ko shi ya ci ko a ci shi. Sannan fitar da iska. Nan ne masu gaggawa ke kashe mutane. Zai sa ka matsa, ka riƙe, ya buɗe ɗan hancin da ke ƙasa, ya rufe, ka saki, ku sake. Za ka gaji, za ka ce ai ya yi. Bai yi ba sai man ya fito garau ba kumfa ko ɗaya, hannun kuma ya tsaya da tauri nesa da kan babur. In ya zage ka a kan ka saki da wuri, ka haɗiye. Ni ma ya zage ni, kuma na girme shi.

Man da zai rage a kwalba ka tafi da shi, ka toshe bakinsa da kyau don yana shan danshi. In ya ƙare ka nemi irinsa, lambar da ke kan murfin kofin ita za ka duba a jikin kwalba. Wanda ake sayarwa a gorar ruwa a bakin hanya, ba ka san me ke ciki ba, mai sayarwar ma bai sani ba. Ba man inji, ba man giya, ba ruwan sabulu. Man riɗi kuwa, in na ji ka kusantar da shi, ko a kabari nake sai na tashi. In kofi ya bushe a daji, ba ƙari yake nema ba, yoyo yake yi. Ka sauka ka tura. Tura babur bai taɓa karya ƙugun kowa ba.

Ka sa ya buɗe na baya ma ya duba takalman birki da sandar, tunda an zo.

Abu na ƙarshe a kan wannan, kuma shi na fi jin tsoro. Hannunka ya saba da mataccen birki, ka saba damƙa har ƙarshe ba abin da ke faruwa. Sabon nan ba haka yake ba, yana jin magana tun daga taɓawa. In ka damƙe shi yadda ka saba, a kan laka, zai shimfiɗa ka, ka tashi kana cewa ashe mutanen da sun yi gaskiya. Kafin ka ɗauki kowa, ka sami fili ka yi ta gwadawa. Yatsa biyu, a hankali, kana ƙarawa, ƙafa na taimakawa. Ka gwada ba kaya, ka gwada da buhu a baya, ka gwada a jiƙaƙƙiyar ƙasa, har hannunka ya manta abin da na koya masa.

Saura maganar rantsuwarka. Ka ce ba za ka tsaya wurina a Gadarif ba, ba ka son ganina. Na juya maganar nan a raina har allura ta soke ni a yatsa. Ina so in gan ka. Ban san yaushe Gallabat za ta sako ka ba, ban san nawa ya rage mini ba, kuma a garin nan ba fuskar da ke tawa. Amma na auna, na ga ganinka da tsayawar baburinka ba nauyinsu ɗaya ba. Saboda haka ka zo wurin Usta, ba wurina ba. Ranar da lorin Musa ya shigo, ba zan taka layin masu babura ba. Zan zauna kan buhunana har a ce mini ka wuce. Na gaya wa Usta kada ya aiko a kira ni, kada ya yi maka wa'azi a kaina. Rantsuwarka na nan ba ta karye ba, ba wanda zai ce ka zo ba tsoho haƙuri. Ka riƙe fushinka in kana so, ka kai shi har bakin iyaka, ni ma nawa bai huce ba. Mutum yana iya fushi da ubansa shekara da shekaru, in dai yana da rai.

Abu ɗaya na roƙa. In an cire tsohon tiyon, kada ka yar, kada ka ba wani. Ka bar shi wurin Usta da naɗinsa. Bayan ka kama hanya zan je in karɓa, in sa wuƙar buhu in yanka shi gunduwa-gunduwa da hannuna, don kada wani matsiyaci irina ya tsince shi ya murza ya ce ai ba tsaga. In na je na tarar da shi a wurin, na san ka zo, ya ishe ni. In na je babu, to ban san abin da zan ce wa innarka ba.

Ka gai da ita. Ka gai da kawunka Sale, ka ce na gode da riƙe hannuna da ya yi. Ka shafa kan ƙannenka.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke duk wanda ya hau bayanka lafiya a ƙofar gidansa. Allah ya tsare ka daga gangare da laka, da dabbar da ke gitta hanya, da shawarar mutanen kambo. Allah ya sa ka fi ni hankali, wannan ba wuya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idirisu.